Kafin a sayo sabuwar lasifika, a horar da kunnen mai murɗa ta

Da zarar watan Sha'aban ya raba, kwamitocin masallatai sukan fara zagayawa neman taimako. Ga tafsiri na tafe, ga asham, ga tahajjud, kuma jama'a na kukan ba sa jin Malam. Maganin da kowa ya sani guda ɗaya ne: a haɗa kuɗi, a shiga kasuwar Sabon Gari ko a aika Alaba ta Legas, a sayo amfilifaya mai ƙarfi da ƙarin lasifika huɗu. A ɗaura, a kunna, unguwa ta ɗauka. Daren farko na azumi sai ka hangi dattijo a sahu na biyar ya karkata kai, ya kafa tafin hannu a bayan kunne. Sauti na dukan ƙirjinsa, amma bai san ayar da ake fassarawa ba. Baɗi kuma a sake zagayawa.

Haɗa sauti ita ce sana'ata, da ita na yi aure, da ita nake cefane. Na ja waya a gidajen biki da filayen wa'azi da walimar saukar karatu, har da tarukan siyasa inda ake ba ka rabin kuɗinka a ce ka dawo bayan zaɓe. Mafi yawan wuraren da ake kira na in duba "kayan da suka lalace", kayan lafiyarsu lau. Abin da babu shi ne mutum guda da zai tsaya a tsakiyar ɗaki ya saurara, ya gane inda cutar take, ya je ya murɗa maɓalli ɗaya. A wurinmu an mayar da aikin sauti na duk yaron da ya iya cusa waya a soket. Alhali ilimi ne na kunne, ana zama a koye shi, kuma abin da za a kashe wajen koyar da yaro biyu bai kai kuɗin sabuwar amfilifaya ba.

Sauti girgizar iska ce. Yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da haz, sunan da aka ɗauko daga Bajamushen masanin nan Heinrich Hertz, kuma duk mai kama tashar rediyo ya saba jin kilohaz da megahaz. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga haz 20 har zuwa 20,000. Rugugin tambari yana can ƙasa, tsinin algaita yana sama. Tushen muryar namiji yakan zauna tsakanin 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255. Sai dai ma'anar magana ba a tushen take ba. Wayar tarho ta da an gina ta ne a kan ta wuce da abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kawai, ta zubar da sauran, amma da mahaifiyarka ta ce "salamu alaikum" ka gane ta, kuma ka ji duk abin da ta aike ka. Baƙaƙen da ke raba kalma da kalma suna zaune ne wajen 2,000 zuwa 4,000, sannan irin su sinun da shinun da sadun suna haurawa har 8,000.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Alaramma ya yi shekaru a gaban malaminsa yana gyara mafitar haruffa, an dake shi a kan bambancin sinun da sadun, ya zo ya tsaya a gaban makirufo, sai yaron da ke kan mikisa ya cika masa bas don a ji muryarsa ta yi kauri. Kaurin ya zo, haruffan sun nutse. Wanda ke sahun baya yana jin wasula ne zalla suna bin juna.

Ku leƙa ikwalaizar da ke yawancin masallatai da gidajen biki. Babbar tana da sanduna 31 a jere, daga 20 a hagu zuwa 20,000 a dama. Za ku tarar an ɗaga na gefe da gefe an danne na tsakiya, masu sana'a suna kiran wannan murmushi. Kowa ya gada ne a wurin maigidansa, ba wanda ya tambayi dalili. Dalilin kuwa akwai shi. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa kunne ba ya kama bas da can sama sosai, saboda haka mai sauraren waƙa a hankali a ɗakinsa yana jin daɗin murmushin. A taro, inda sauti ke da ƙarfi kuma magana ake son ji, murmushin nan tsakiyar da ma'ana ke zaune yake kwashewa. Sai a ce ba a ji, sai a ƙara murya, sai lasifika ta fashe da kuka.

To ta yaya ake koya wa kunne ya ji sauti ya faɗi lambarsa? Hanyar da nake bi da yarana ba ni na ƙirƙiro ta ba. An daɗe ana koyar da ita a makarantun aikin sauti, makarantar kiɗa ta Chopin da ke Warsaw a Poland ta yi suna a kanta. Kuma ta yi wa Bahaushe daidai, domin wasula biyar ɗinmu take amfani da su. Ka yi raɗa, kada ka fitar da murya, ka ce u, o, a, e, i a jere. Za ka ji hucin yana hawa daga ƙasa zuwa sama, saboda bakinka da harshenka suna tace iskar yadda ikwalaiza ke tace sauti. Idan aka saki shuuu ɗin gwaji a lasifika aka ɗaga sandar 250, shuuu ɗin zai koma yana cewa u. A 500 ya ce o, a 1,000 ya ce a, a 2,000 ya ce e, a 4,000 ya ce i. A 8,000 babu wasali kuma, sai s. Ƙasa da 250 jiki ne ke ba da labari: 125 a ƙirji ake jin ta, 63 a ciki da tafin ƙafa. Kowace lamba ninki biyu ce ta wadda ta gabace ta, saboda haka abin haddacewar bai fi yatsun hannu ba.

Mutum biyu ake so. Ɗaya ya juya baya, ɗaya ya ɗaga sanda guda sosai, kamar desibel 12 a ma'aunin ƙarfin sauti, ya mayar, ya sake ɗagawa. Mai juya baya ya kwaikwayi abin da ya ji da bakinsa, sannan ya faɗi lamba. In ya fara ci, a rage zuwa desibel 6, daga nan 3. In wannan ta zauna, a koma danne sanda maimakon ɗaga ta, nan ne ake gumi, domin gane abin da aka cire ya fi wuya nesa ba kusa ba. Sannan a bar shuuu a koma kan muryar mutum. Ni karatun Sheikh Mahmud Khalil al-Husari nake sa musu, wanda aka ɗauka a Masar a 1961, saboda a natse yake kuma kowane harafi ya fita da haƙƙinsa. Da shi kuma nake gwada duk sabon ɗakin da na shiga. Na san yadda muryar nan take, in ta canza na san ɗakin ne ko kayan. Kwata ɗaya na awa a rana ta isa, kuma a hankali, don kunne na gajiya kamar kowace gaɓa. Akwai manhajoji na kyauta a waya da ke yin wannan wasan, amma a haɗa wayar da lasifikar kirki, don ƙaramar lasifikar waya ba ta san da zaman bas ba.

Ban taɓa samun yaron da ya kasa ba in dai kunnensa lafiya. Mutanen da harshensu ke raba ma'ana da hawa da saukar murya, waɗanda makaɗi zai matse kalangu a hammata su gane sunan wanda yake kira, ba za a ce musu 500 da 2,000 sun gagara ba. Lambar ce kawai ba a taɓa gaya musu ba.

Amfanin abin yana bayyana ne ranar taro. Murya ta fito kamar daga cikin tulu, mai horarren kunne ya san tsakanin 250 da 400 zai nufa, ya rage kaɗan. Ta fito ta hanci, ya duba 800 zuwa 1,000. Tana sukar kunne har mata na toshe wa jarirai, 2,500 zuwa 4,000 ne, inda dama kunnen ɗan Adam ya fi kaifi. Sinun na tsartuwa, ya sauke wajen 6,300. Kuma kusan kullum ragewa ake yi. Wanda bai iya ba, da ya ji murya ta dushe sai ya ƙara tirebul. Wanda ya iya, sai ya cire abin da ya danne ta daga ƙasa, ta fito da kanta ba tare da an ƙara komai ba. Akwai ma ɗan maɓalli a kan yawancin mikisoshi, an rubuta 80 ko 100 a jikinsa, aikinsa ya yanke duk abin da ke ƙasa da haka. Ga makirufon magana ya kamata a danna shi a manta da shi, domin babu komai a can sai ƙarar taka kafet da bugun hannu da iskar fanka. Na sha tarar da shi da ƙura, ba a taɓa taɓa shi ba tun da aka kwance kwali.

Kukan lasifika kuwa, wanda muke kira fidbak, shi ne babban abin kunyar mai sauti. Makirufo ya ji lasifika, lasifika ta maimaita, makirufo ya sake ji, abu ya yi ta zagaye har ya zama wiii. Kowane kuka da lambarsa. In kana iya yin gunjinsa da baki a rufe, yana ƙasa da 500. In feɗuwa ce ke kama shi, yawanci yana tsakanin 1,000 da 3,000. In ya fi ƙarfin feɗuwarka, ka nufi 4,000 zuwa sama. Aikin gaskiya kafin jama'a su iso ake yin sa: a ajiye makirufo inda Malam zai zauna, a riƙa ƙara murya sannu-sannu har kuka ya fara leƙowa, a gane lambarsa, a sauke wannan sandar desibel 3, a ci gaba. Sau uku ko huɗu ya isa. Wanda ya zarce haka zai wayi gari ya danne sanduna 31 gaba ɗaya, ya dawo inda ya fara.

Kunne kuma shi ke gaya maka lokacin da za ka ƙyale ikwalaiza. Gurnanin nan na muuu da ba ya ɗaukewa ko an yi shiru, wutar lantarki ce, wadda a Najeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Masu koyo a YouTube su kula, Ba'amurke zai ce 60, don tasu wutar haka take. In janareto ya ƙara gudu za ka ji gurnanin ya ɗan hau. Maganinsa yana wurin waya mai rauni ko rashin waya ta ƙasa, sauke sanda ɓoye cuta ne kawai. Haka lasifikar ƙaho irin ta Ahuja da TOA da ke kan hasumiyoyinmu: an ƙera ta don ta jefa murya nesa, ba ta fitar da abin da ke ƙasa da 200 ko 300. Mai tura mata bas ba zai ji bas ba, koyil ɗinta kawai yake dafawa, shi ya sa ake ta kai wa mai gyara.

Sai eko. Na san a nan zan ɓata da mutane da yawa. Masallatanmu na yanzu tayil ne a ƙasa, tayil a bango, gilashi a taga, kubba a sama. Ɗakin da kansa yana riƙe sauti ya yi ta juya shi. A zo a ƙara eko na inji a kai, wutsiyar kalmar farko sai ta hau kan baƙin kalma ta biyu. Na yarda yana yi wa madda daɗi a bakin mai ƙira'a, kaɗan ɗinsa ba laifi. Amma mai fassara magana yake yi, ita kuma magana a bushe ake son ta.

Batun ƙara murya kuwa, wani shugaban kwamiti ya taɓa tsayawa a kaina ana tsakiyar karatu. "Kai yaro, ƙara masa murya mana, kuɗi fa muka kashe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na ƙara kuka za ta yi. A ba ni izini in je wurin Malam."

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan matso da makirufon." Ya jawo shi daga kusan kamu ɗaya zuwa faɗin tafin hannu, shi ke nan. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da aka rage tazarar baki da makirufo da rabi, an sami ƙarin desibel 6 kyauta. Wanda ya ninka ƙarfin amfilifaya, ya bar mai wat 500 ya sayi mai 1,000, desibel 3 kacal ya saya. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Sai dai in baki ya manne da makirufo irin Shure SM58, wanda tun 1966 yake kasuwa kuma kwaikwayonsa ya cika gari, bas zai kumbura, dole a rage shi a mikisa. Mawaƙan biki masu dunƙule kan makirufo da hannu don a ga sun iya, su sani ramukan bayan da suke toshewa su ne ke hana shi jin lasifika. Su suke kiran kukan, sannan su juyo su harari mai sauti.

Za a ce mini zamani ya wuce nan. Mikisoshin dijital irin Behringer X32 suna zana sautin a allo, akwai na'urar da ke kashe kuka da kanta, ko waya ma tana nuna lambar. Gaskiya ne, ina amfani da su, kuma babu malamin da ya kai allon nan wajen gaya wa mai koyo ko ya canka daidai. Amma masallatai nawa ne a unguwanninmu ke da kuɗinsu a wannan canjin dala? Kuma allo abin da ke akwai yake nunawa, ba ya gaya maka wanne ne ya yi yawa ga wannan muryar a wannan ɗakin. Ɗakin ma canzawa yake: wanda ka gyara da la'asar babu kowa, in mutane suka cika shi da manyan riguna sai ya shanye sama-saman sautin. Kuka kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu yake buƙata ya cika ɗaki, kafin ka zaro waya ka buɗe manhaja liman ya riga ya waiwayo.

Za a kuma ce jama'a ne ke son ƙara, musamman a biki, uwar amarya in ba ta ji ƙasa na rawa ba sai ta ce an cuce ta. Wannan ma gaskiya ne, na sha karɓar wannan faɗan. Sai dai akwai wanda ke biyan kuɗin, kuma mu masu sana'a ne a sahun gaba. Ma'aunin da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ka lissafa, a desibel 100 kwata ɗaya na awa ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, kuma a 2022 ta sa 100 a matsayin iyaka ga wuraren shagali. Ƙananan gasun da ke cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa. Abin da ƙara ke fara cinyewa kuwa wajen 4,000 ne, daidai mazaunin baƙaƙe. Ga yadda abin ke zagayowa: DJ ya shekara yana tsaye a gindin lasifika, 4,000 ɗinsa ta tafi bai sani ba, sai ya riƙa jin komai a dushe, ya ɗaga tirebul har ya gamsu, jama'a kuma kunnensu na zafi. In ka ga mai sauti yana yawan cewa "na'am?" a hira, kada ka ba shi mikisa. Ni da abin toshe kunne nake yawo a aljihu, yarana suna mini dariya, ban damu ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. A Indunusiya, Jusuf Kalla, tsohon mataimakin shugaban ƙasa kuma shugaban majalisar masallatan ƙasar, ya fito fili ya ce yawancin masallatansu ana jin ƙarar amma ba a fahimtar maganar, majalisar kuma ta horar da masu gyara ta sa su a motoci suna bi masallaci-masallaci. A 2022 ma'aikatar addininsu ta ƙayyade lasifikar masallaci kada ta wuce desibel 100. Saudiyya a 2021 ta ce lasifikar waje kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Mu ma muna da dokar ƙayyade hayaniya ta hukumar NESREA tun 2009, tana nan a takarda. Ni hanyar horarwar ta fi kwanta mini a rai fiye da ta doka, domin mutumin da aka gyara masa sauti har na sahun ƙarshe ya ji kowane harafi, da kansa zai sauke murya, ba sai an aiko masa da jami'i ba, maƙwabci marar lafiya ma ya samu ya runtsa.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu shugabannin kwamitoci, da ƙungiyoyin da ke shirya tafsiri, da masu gidajen biki. Bana kafin ku aika kasuwa, ku zaɓi matasa biyu masu natsuwa daga cikin waɗanda ba sa rasa jam'i, ku nemo wanda ya san aikin a gidan rediyo ko situdiyo ya zauna da su na 'yan makonni, ku yanka musu alawus ko yaya yake, ku kuma hana kowa taɓa mikisa in ba su ba, har da ɗan shugaban kwamiti. In an yi haka dattijon sahu na biyar bai ji ba, to a je a sayo lasifikar.